Akwatin Dutch Schultz: Daga Titin Fordham Zuwa Duwatsun Catskill

Baƙon da ya sauka daga jirgin ƙasa mai lamba 4 a tashar Fordham Road, cikin yankin Bronx na birnin Niyok, abin da zai fara cin karo da shi shi ne hayaniyar kasuwa. Kantunan tufafi da na takalma sun yi jere daga Kogin Harlem a yamma har zuwa gidan namun daji a gabas, mutane kuwa ana ta cuɗanya, wannan na Sifaniyanci, wancan na Turanci, in ma an kasa kunne sosai akan ji Hausar Zangon Kumasi ko ta Yamai, gama 'yan Afirka ta Yamma da yawa sun zauna a Bronx. Kaɗan ne daga cikin masu wucewa suka san cewa titin da jirgin nan yake bi ta samansa, watau Jerome Avenue, asalinsa hanya ce ta zuwa filin caca.

Cikin 1866 wurin nan duk gonaki ne, bai ma shiga cikin birnin Niyok ba tukuna. A shekarar ce wani attajiri mai suna Leonard Jerome, kakan Winston Churchill na wajen uwa, tare da abokinsa August Belmont, suka buɗe filin sukuwar dawaki mai suna Jerome Park, arewa kaɗan da titin Fordham. Janar Ulysses Grant, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, yana cikin manyan baƙin ranar buɗewa. A nan aka fara sukuwar nan ta Belmont a 1867, wadda har yau ake yinta kowace shekara. Masu hannu da shuni sukan zo cikin kekunan doki su zuba kuɗi a kan dawaki da rana tsaka, ba wanda ya kira su 'yan caca. An rufe filin a 1894, aka haƙa tafkin ajiye ruwan sha a gurbinsa. Amma dangantakar Bronx da dawakin sukuwa ba ta ƙare a nan ba. Bayan shekara arba'in sai ta dawo ta wata ƙofa, wannan karon kuwa da aninan talakawa, kuma ƙarshen labarin yana can cikin wani ƙauye na kan duwatsu, tafiyar mil ɗari da ashirin ko kusa da haka daga birni.

Cacar da ake magana ita ce wadda mutanen Niyok suke kira cacar lamba. Tsarinta ba shi da wuya, shi ya sa ta kama gari. Mutum zai zaɓi lamba mai alƙaluma uku, daga 000 zuwa 999, ya rubuta a 'yar takarda, ya ba yaron da ke zagawa karɓa tare da abin da ya sawwaƙa, ko da kwabo ɗaya ne na Amurka. Yaran nan sukan tsaya a shagon aski, ko kantin alewa da jarida, ko ƙofar bene, su tara takardu su kai wa wakili, wakili ya kai wa uban caca, wanda su kansu suke kira mai banki. In lambar mutum ta fito, akan biya shi ninki 600 na abin da ya zuba. To, a nan lissafin yake. Lambobi dubu ne, saboda haka in an zuba kwabo ɗaya a kan kowace lamba, uban caca ya karɓi 1,000, ya biya 600, saura 400 sun zauna a hannunsa. Daga cikin 400 ɗin nan ake sallamar yara da wakilai, a toshe bakin 'yan sanda, a biya lauyan da zai fitar da wanda aka kama, abin da ya rage kuwa riba ce.

Abin da ya sa jama'a suka amince da ita shi ne ba uban caca ne yake fitar da lambar ba. A shekarun 1920 akan ɗauko ta ne daga alƙaluman da ofishin Clearing House yake bayarwa kowace safiya, watau ofishin da bankunan birnin suke daidaita basussukan da ke tsakaninsu. Jaridu suna buga alƙaluman, kowa yana iya dubawa da idonsa, kuma ba wani ɗan caca da ke da ikon taɓa su. Galibi ana danganta wannan dabara ga Casper Holstein, baƙar fata daga tsibirin St. Croix, wanda ya yi arziki da ita har ya riƙa ba da kyautar kuɗi ga marubutan Harlem ta hannun mujallar Opportunity. A zamanin da bankunan farar fata ba sa ba baƙar fata rance, masu bankin lamba su ne suke ba da jari, su biya wa ɗalibai kuɗin makaranta, su ɗauki ɗaruruwan mutane aiki. A cikinsu har da mace, Stephanie St. Clair, 'yar tsibiran Faransa na Karebiyan, wadda a 1930 ta tsaya gaban hukumar bincike ta Alƙali Seabury ta faɗi 'yan sandan da take ba cin hanci.

Inda duk aka ce sa'a, to, sai camfi ya biyo baya. Ana sayar da littattafan fassarar mafarki waɗanda suke ba kowane abu lambarsa: in ka yi mafarkin kifi ga lambarsa, in gawa ce ga tata. Wasu sukan ɗauki lambar motar da ta yi haɗari a gabansu, wasu lambar waƙar da aka rera a coci ran Lahadi. Mai karatu da ya san yadda ake zarya wajen masu duba a ƙasashenmu domin neman lambar caca ba zai yi mamaki ba. Kuma wani lokaci abin yakan faɗa daidai. Janar Colin Powell, wanda ya tashi a kudancin Bronx kuma ya zama sakataren harkokin wajen Amurka, ya ba da labari cikin tarihin rayuwarsa cewa mahaifinsa ya ci dala 10,000 a cacar lamba cikin shekarun 1950, da kuɗin ne iyalin suka sayi gida a Queens suka bar gidan haya. Irin wannan labari guda ɗaya ya isa ya riƙe unguwa sukutum tana zubawa har shekara goma.

Mutumin da ya ƙwace wannan sana'a daga hannun masu ita ɗan Bronx ne. Sunansa na yanka Arthur Flegenheimer, iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Jamus. Ubansa ya bar gida tun yana yaro, shi kuma ya bar makaranta, aka ɗaure shi saboda fasa gida yana ɗan shekara goma sha takwas ko kusa da haka, kuma wannan ne kaɗai ɗaurin da ya taɓa yi a duniya. Da ya fito sai ya ari sunan wani tsohon ɗan daba na unguwar, ya zama Dutch Schultz. Dokar hana barasa, wadda ta fara aiki a Janairun 1920, ita ce ta yi masa hanya. Cikin 1928 shi da abokinsa Joey Noe suka buɗe mashaya ta ɓoye a titin Brook Avenue, daga nan suka shiga sayar wa sauran mashayu giya, wanda ya ƙi saye kuwa ya ɗanɗana kuɗarsa. Kafin a jima jaridu suna kiransa sarkin giyar Bronx. Mutum ne mai saurin fushi, kuma ya yi suna wajen rowa: yana juya miliyoyi amma tufafinsa na araha ne, har sauran manyan 'yan daba, masu son ado, suna yi masa dariya a bayan ido. Ya kamata a riƙe wannan hali nasa, domin a kansa aka gina rabin tatsuniyar da za ta zo.

Abu biyu suka buɗe masa ƙofar Harlem. Na farko, a ƙarshen 1930 ofishin Clearing House ya daina ba da alƙalumansa, don ya gaji da zama kayan aikin 'yan caca, sai aka koma ɗaukar lamba daga jimlar kuɗin da ake biya a filayen sukuwar dawaki. Na biyu, a jajiberin Ranar Godiya ta watan Nuwamban 1931, lamba 527 ta fito, alhali kuwa mutane masu yawan gaske sun zuba a kanta. Masu banki da dama suka kasa biya. Lauyansu, wani mai suna Dixie Davis, shi ya kai waɗansu wurin Schultz neman rance, rancen kuwa ya zama igiya a wuyansu. Wanda bai zo da ƙafarsa ba aka aika masa da 'yan bindiga. A ɓangaren hukuma kuma, Schultz ya sayi James Hines, wani jigo na ƙungiyar siyasar Tammany mai riƙe da birnin, wanda ake kai masa kuɗi duk mako domin ya sa a sauya wa ɗan sandan da ya matsa wurin aiki, ya kuma yi wa alƙalai magana. Madam St. Clair ta ƙi miƙa wuya, ta riƙa tona asirin shagunansa ga hukuma, amma yawancin bankunan sun faɗa hannunsa. Daga baya masu gabatar da ƙara sun ƙiyasta abin da ake zubawa a hannun ƙungiyarsa da kusan dala miliyan 20 a shekara.

Ribar 400 cikin 1,000 ma ba ta ishe shi ba. Ya ɗauko wani gwanin lissafi mai suna Otto Berman, wanda ake yi wa laƙabi da Abbadabba. Aikin Berman shi ne ya zauna a filin sukuwar da ake ɗaukar lamba daga gare shi, kamar wani fili da ke kusa da Cincinnati. Kafin sukuwar ƙarshe sai a buga masa waya daga Niyok a gaya masa lambobin da jama'a suka fi zuba wa kuɗi a ranar. Shi kuma ya yi lissafi a ka, ya je taga a daƙiƙar ƙarshe ya zuba daidai kuɗin da zai karkatar da jimlar, ta yadda lambar da za ta fito ta zama wadda ba kowa a kanta. An ce ana biyansa dala 10,000 a mako. Watau mai wankau da ta yi mafarki ta zuba taronta, da ɗan dako da ya hana kansa abincin rana, ashe tun kafin dawaki su tashi an riga an zare musu ɗan rabon da lissafi ya bar musu.

Abin da bindiga ba ta yi wa Schultz ba, haraji ne ya fara yi masa. A 1931 an ɗaure Al Capone na Chicago shekara goma sha ɗaya saboda ƙin biyan haraji. A Janairun 1933 aka tuhumi Schultz da irin wannan laifi, aka ce ya samu fiye da dala 480,000 daga giya tsakanin 1929 da 1931, bai biya harajin kusan dala 92,000 ba. Ya ɓuya kusan shekara biyu, sa'an nan ya miƙa kansa a Albany cikin Nuwamban 1934. Shari'ar farko a Syracuse ta watse, domin mutum goma sha biyun da ke taya alƙali yanke hukunci sun kasa haɗa baki. Aka mayar da ta biyu Malone, wani ɗan ƙaramin gari kusa da iyakar Kanada. Schultz ya riga kotu isa garin. Ya yi ta saya wa mutane abin sha, ya kai wa yara marasa lafiya kyauta a asibiti, ya nuna shi bawan Allah ne da manyan birni suka sa wa karan tsana. A farkon Agustan 1935 'yan garin suka wanke shi, alƙali Frederick Bryant ya fusata ya yi musu faɗa a bainar jama'a. Abin lura a nan shi ne Schultz ya gane tun da wuri cewa mutanen karkarar Jihar Niyok ba su da wata ƙauna ga birni da hukumominsa.

Nasarar ba ta yi masa amfani ba. Magajin gari La Guardia ya ce kada ya sake ya taka Niyok, sai ya koma Newark, a ƙetaren kogi cikin Jihar New Jersey. Kuɗin lauyoyi sun ci shi har ya rage ladan yaransa masu karɓar lamba, su kuwa suka kama zaure suka yi taro, suka shiga yajin aiki kamar ma'aikatan masaƙa, sai da ya janye. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi, amma ran nan kura ta ƙi. Ga kuma sabon mai gabatar da ƙara na musamman, Thomas Dewey, wanda aka naɗa a wannan shekara, ya sa cacar lamba a gaba. Schultz ya kawo shawarar a kashe Dewey. Lucky Luciano da sauran manyan suka ƙi, don sun san kisan irin wannan mutum zai jawo musu gwamnati gaba ɗaya. Da suka ga ba zai ji ba, suka yanke shawara a kansa.

Ran 23 ga Oktoba, 1935, da dare, 'yan bindiga biyu suka shiga gidan abinci na Palace Chop House a Newark. Suka harbi Otto Berman da masu gadi biyu, Abe Landau da Bernard Rosenkrantz wanda ake kira Lulu, suna zaune a kan takardun lissafi. Schultz kuwa a makewayi harsashi ya same shi. Duk huɗun sun mutu a asibiti. Kafin ransa ya fita washegari, Schultz ya karɓi addinin Katolika a hannun wani fada, Madam St. Clair kuma ta aika masa da telegiram tana tuna masa cewa abin da ya shuka ne yake girba. Zazzaɓi ya yi masa zafi ƙwarai, ya yi ta sambatu, 'yan sanda suka zaunar da akawu mai saurin rubutu a bakin gadonsa yana ɗaukar duk abin da ya fito daga bakinsa, da fatan zai ambaci wanda ya harbe shi. Bai ambata ba. Abin da aka samu shi ne shafuka na maganganu marasa kan gado, game da uwarsa, da miya, da takardu, da Shaiɗan. Jaridu suka buga su. An ɗaure Charles Workman saboda kisan a 1941, shi kuma Hines, Dewey ya sa an ɗaure shi tun 1939. Cacar lamba ta koma hannun mutanen Luciano. Wata babbar dukiya da sunan Schultz kuwa, ba a taɓa samunta a banki ko a gida ba.

Daga nan tarihi ya tsaya, labarin duwatsu ya tashi.

Phoenicia ƙauye ne na mutum ɗari uku ko kusa da haka, a gundumar Ulster, cikin kwarin da rafin Esopus ya ratsa tsakanin duwatsun Catskill. A ƙarni na goma sha tara mutanen yankin suna rayuwa ne da jima, gama ɓawon itatuwan dajin yana da kyau wajen gyaran fata, da kuma fasa dutse na shimfiɗa a titunan birni. Da itatuwan suka ƙare, sai jirgin ƙasa na Ulster da Delaware ya shiga kawo baƙi masu gudun zafin Niyok da bazara. Ƙasa ce mai tsohuwar al'adar tatsuniya. A cikin waɗannan duwatsu ne Washington Irving ya sa labarinsa na Rip Van Winkle, mutumin da ya yi barcin shekara ashirin.

Ga yadda ake ba da labarin a can. Wai da Schultz ya ga ɗauri yana tafe, sai ya sa aka ƙera masa akwatin ƙarfe wanda ruwa ba ya shiga. Ya cika shi da takardun dala dubu-dubu, da tsabar zinariya, da lu'ulu'u, da takardun lamunin gwamnati. Wata rana shi da Lulu Rosenkrantz suka sa akwatin a mota suka nufi arewa, suka tsaya a Phoenicia suka ci abinci, sa'an nan suka shiga wani kurmi a bakin Esopus suka binne shi, suka yi wa wata bishiya alama da wuƙa. Schultz ya rantsar da Lulu kada ya gaya wa kowa. Lulu kuwa bai iya riƙe baki ba, ya zana wa abokinsa Marty Krompier taswira. A daren da aka harbi Schultz aka harbi Krompier a wani shagon aski na Manhattan. Wannan ɓangaren gaskiya ne, kuma bai mutu ba. Masu labari suka ƙara da cewa a daren ne taswirar ta ɓace, shi kuma ba ya iya gane wurin in babu ita. Yawan dukiyar yana sauyawa gwargwadon mai faɗi, daga dala miliyan 5 zuwa 9, amma miliyan 7 aka fi ambata.

Wurin ma yawo yake yi. Wasu sun ce tsakanin rafi da hanyar mota mai lamba 28, wasu sun ce kusa da tsohon layin dogo. Waɗanda suka fi zurfafawa sun koma kan sambatun asibiti suna yi musu fassara kamar yadda ake fassara mafarki. Tun da ya ambaci Shaiɗan, ai kuwa a mashigin Stony Clove, arewa da Phoenicia, akwai wani ƙaton dutse da tun da can ake kira Dutsen Kabarin Shaiɗan, akwai kuma wani da ake cewa fuskar Shaiɗan ce. Shi ke nan, hujja ta samu. Abin dariya, ko abin tausayi, shi ne dabarar da masu neman akwatin suke bi ita ce dabarar da masu zuba lamba suke bi a Harlem da Bronx: a ɗauki wata kalma da ta faɗo ba da nufi ba, a ce a cikinta asirin yake.

Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma akwai abubuwan da suka ba labarin ƙafa. 'Yan dabar zamanin hana barasa sun san duwatsun nan sarai. Jack Diamond, abokin gabar Schultz, ya kafa sansani a ƙauyen Acra cikin gundumar Greene, yana tilasta wa masu dafa barasar tuffa su sayar masa, har aka kashe shi a Albany a Disamban 1931. A Oktoban 1932 jami'an gwamnati sun kai sumame wata gona a Pine Plains, a ɗaya gefen Kogin Hudson, suka tarar da babbar madafar barasa a ƙarƙashin ƙasa da hanyoyin ɓoye, wadda ake dangantawa da Schultz. Har wa yau, mutumin da ake tuhuma da ƙin biyan haraji ba zai kai kuɗinsa banki ba, ga shi kuma a Afrilun 1933 Shugaba Roosevelt ya hana mutane tara tsabar zinariya. Marowaci mai zinariyar da doka ta hana, wanda bai yarda da kowa ba, in an ce ya haƙa rami ba a yi masa ƙazafi mai nisa ba.

Sai dai in an auna da hankali, abin da ke ɗaya gefen ma'auni ya fi nauyi. Mutumin da ya kai ga rage ladan yaransa har suka yi masa yaji, wanda kuma ya nemi gwamnati ta karɓi dala 100,000 a kashe maganar haraji, mutum ne mai bukatar kuɗi a kusa da hannu, ba a ƙarƙashin bishiya mai nisan tafiyar rabin yini ba. Duk waɗanda aka ce sun san wurin sun mutu a dare ɗaya ko sun yi shiru, wannan kuwa shi ne ginshiƙin kowace tatsuniyar dukiya a duniya, daga ta 'yan fashin teku har zuwa tukunyar zinariyar da ake cewa aljanu na gadi a kufan tsofaffin garuruwanmu: dole mai sani ya mutu, dole taswira ta ɓace, in ba haka ba labari ya ƙare. Labarin kuma ya yi ƙarfi ne shekaru da yawa bayan mutuwar Schultz, musamman bayan littattafan neman ɓoyayyar dukiya sun yayata shi a shekarun 1960. Bayanin da ya fi sauƙi shi ne kuɗin sun bi hanyar da cacar kanta ta bi, watau aljihun waɗanda suka gaje shi. Ko da ma an binne wani abu, Esopus rafi ne mai ambaliya, yana sauya gaɓarsa, kamar yadda ya yi wa Phoenicia ɓarna a Agustan 2011 lokacin guguwar Irene. Bishiyar da aka yi wa alama shekara casa'in da suka wuce, ko tana tsaye, ɓawonta ya daɗe da haɗiye alamar.

To, me ya sa mutanen duwatsu suka riƙe labarin? Wani dalilin a fili yake: baƙo mai shebur da na'urar gano ƙarfe yana kwana a masauki, yana cin abinci, yana sayen mai. An yi fim a kan masu haƙar a 2001, gidan talabijin na PBS ya sake yin wani a 2020, kowane kuwa yakan kawo sabon ayari. Masu gonaki sun sha tarar da ramuka a filayensu, alhali yawancin dajin na gwamnatin jiha ne, wanda tsarin mulkin jihar ya hana taɓawa tun 1894, haƙa a cikinsa laifi ne. Amma akwai wani dalili da ya fi wannan zurfi. Tsakanin birni da duwatsun nan, kullum birni ne mai ɗauka. Ya ɗauki fata, ya ɗauki dutse, daga bisani ya ɗauki ruwa: domin gina madatsar Ashokan a kan Esopus, wadda aka gama a 1915, an tashi mutum wajen 2,000 daga gidajensu, aka nutsar da ƙauyuka, aka tone kaburbura aka sauya musu wuri, don mutanen Niyok su sami ruwan sha. Labarin akwatin shi ne labari guda da aka juya abin, inda wani ɗan birni ya ɗauko dukiyar birni da hannunsa ya kawo ta dutse, dutse kuma ya ƙi mayarwa. Ba abin mamaki ba ne in tsoho a Phoenicia, wanda shi kansa bai taɓa ɗaga shebur ba, ya ƙi yarda a ce masa ƙarya ne.

Abin da ba a cika faɗi a can ba shi ne asalin dukiyar. Ana kiranta dukiyar Schultz, ana kwatanta zinariya da lu'ulu'u, amma giya ta daina kawo masa kuɗi tun da aka soke dokar hana barasa a Disamban 1933. A shekarunsa biyu na ƙarshe babbar hanyar samunsa ita ce lamba, tare da kuɗin da yake tatsa daga masu gidajen abinci. In akwai akwati, to, mafi yawan abin da ke ciki sisi ne da taro na masu aikatau da 'yan dako na Harlem da Bronx, a shekarun da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, aka canza su zuwa manyan takardu.

Cacar kuwa ta fi duk masu ita tsawon rai. Jihar Niyok ta kafa cacar gwamnati a 1967, a 1980 kuma ta fito da tata cacar lamba ta kullum, mai alƙaluma uku, daga 000 zuwa 999, duk da zanga-zangar da masu karɓar lamba na Harlem suka yi cewa ana ƙwace musu abinci. A 2018 an buɗe babban gidan caca mai lasisi kusa da Monticello, cikin duwatsun Catskill ɗin nan dai. A kantunan titin Fordham, inda a da yaro yake karɓar 'yar takarda a ɓoye yana waige-waige, na'ura ce take buga tikiti a kan kanta, kusa da burodi da madara. Wanda ya zuba dala ɗaya lambarsa ta fito daidai, jiha tana biyansa dala 500, watau ƙasa da abin da Dutch Schultz yake biya da dala ɗari.